Takardar da Ba Ta Isowa Adar: Motoci Masu Kwando da Bulon ɗinsu

 Ina gaida iyayenmu da ƴan'uwanmu na Tebaram da ƙauyukan kewaye. Ina gaida na Takanamat, da na Afala, da na Barmu, da na Kalfu, da na cikin birnin Tawa. Gaisuwa ta musamman ga masu gareji, da direbobi da yaransu, da ma'aikatan lantarki masu hawa sama don mu kwana da haske.

Shirinmu na yau a kan ɗan ƙaramin ƙarfe ne, bulon da notinsa. Ƙusar nan mai haƙora wadda ake murɗawa da kile, wato sifana. Za mu yi maganar bulon da ke riƙe da motar da ke ɗaga mutum sama. Za mu kuma yi maganar wata takardar gargaɗi da kamfanoni suke aikawa idan bulon ɗin ya samu matsala. Takardar tana zuwa Amurka, tana zuwa Faransa, amma da wuya ta iso nan yankinmu na Adar. Maganar kashi huɗu ce. Ku gyara zama.

Kashi na farko: wace mota ce wannan?

Wanda ya shiga Tawa, ko Konni, ko Yamai, mai yiwuwa ya gan ta. Mota ce mai dogon hannun ƙarfe a baya, hannu mai naɗewa. A ƙarshen hannun akwai kwando, inda mutum ɗaya ko biyu suke tsayawa. Da an taɓa maɓalli sai hannu ya miƙe, kwando ya yi sama. Mita 10, mita 15, wata har 20 da ɗoriya. Masu Faransanci suna ce mata nasel. Mu a nan za mu ce mota mai kwando. Da ita ake gyaran wayoyin kuran, da ita ake canja fitilun titi, da ita ake sassabe reshen da ya hau waya.

Wani zai ce, mu a Tebaram ina ruwanmu da ita? Da ruwanmu. Tun bikin 18 ga Disamba na 2017, wanda aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola, birnin Tawa ya ƙara tituna da fitilu. A 2018 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a Malbaza, mai ƙarfin megawat 7. Ga kamfanin lantarki NIGELEC, ga hukumar ANPER mai kula da kai wuta karkara. Turaku suna matsowa ƙauyuka. Duk inda turke ya tsaya, wata rana sai an hau shi. Ga kuma ƴaƴanmu ƴan ci-rani. Ɗan Adar ba baƙon tafiya ba ne. A Abijan, a Libiya, a Aljeriya, da yawa aikin gini suke yi, ƙarƙashin irin waɗannan injuna ko a cikinsu. Mahaifiyar da ke saurarenmu yanzu, wataƙila ɗanki yana cikin kwandon nan a wata ƙasa.

To, me ke riƙe da shi a can sama? Wuri uku ne. Na ɗaya, inda gindin injin ya zauna a kan shasin mota. Na biyu, zoben juyi, wato babban zoben ƙarfe da hannun yake kewayawa a kansa, dama da hagu. Na uku, inda kwando ya haɗu da hannu. Duka ukun bulon ne ya ɗaure su.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. Mutum da kayan aikinsa, a ce kilo 100. Hannu ya miƙe gefe, nisan mita 10. Zoben da ke gindi kuwa faɗinsa bai fi mita 1 ba. Wannan kilo 100, kafin nauyinsa ya iso gindi, ya zama kamar kilo 1,000 yana fizgar gefe guda na zoben. Ton guda ke nan, ba a ma sa nauyin hannun kansa ba. Ku riƙe wannan: kilo 100 a kwando, ton guda a kan bulon.

Mu shiga kashi na biyu: yaya bulon yake mutuwa?

Maigida mai gareji, ɗauko bulon guda daga akwatinka, ka dubi kansa. Za ka ga lamba: 4.6, ko 8.8, ko 10.9, ko 12.9. Wannan lambar ita ce shaidar ƙarfinsa. Mai lamba 4.6 ƙarfe ne mai taushi, na ƙofa da gado da teburi. Mai lamba 8.8 ya ninka shi ƙarfi sau biyu. Mai 10.9 ya fi wannan, mai 12.9 ya fi su duka. Na Amurka kuma zane ake yi masa a kai maimakon lamba: zane uku matsakaici ne, zane shida mai ƙarfi ne. Wanda kansa ba lamba ba zane, kada ya kusanci motar da ke ɗaga mutum.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, a ido duk ɗaya suke. Kauri ɗaya, tsawo ɗaya, noti ɗaya yana shiga. Bambancin yana cikin ƙarfen, da irin wutar da aka gasa shi da ita a masana'anta. Yaro ya je kasuwa da tsohon bulon a hannu, mai shago ya gwada, ya ce ga ɗan'uwansa. Ya fi araha ma. Aka ɗaura, mota ta tashi, kowa ya ji daɗi. Ranar da zai karye ba ya sallama.

Lambar ma takan yi ƙarya. A Amurka, a shekarun 1980, an gano bulon na jabu masu ɗauke da alamar ƙarfin da ba su da shi, har a cikin kayan sojoji. Abin ya kai majalisarsu ta yi doka ta musamman a kan ingancin bulon a 1990. Idan jabu ya iya shiga rumbun sojan Amurka, ba abin mamaki ba ne ya shiga tiren mai shago a kasuwarmu. Saboda haka bulon na zoben juyi a wurin wakilin kamfani ake nemansa, ko wurin ɗan kasuwar da aka san asalin kayansa.

Sai maganar ɗauri, kuma a nan nake son mu daɗe. Bulon ba ya riƙo sai an ja shi ya ɗan miƙe, miƙewar da ido ba ya gani. Wannan jan shi ke matse ƙarfe biyu su zama abu guda. Ku tuna mai ɗaura wa raƙumi kaya. Idan igiya ta ɗauru tamau, kaya da sirdi tafiya guda suke yi, igiya tana hutawa. Idan ta yi sako-sako, kowane taku sai kaya ya fizge ta, har ta tsinke a tsakiyar hanya. Haka bulon yake. Wanda aka ɗaure daidai yana shekaru lafiya. Wanda ya saki kaɗan, duk juyin hannu fizga ce, duk ramin hanya fizga ce. Tsaga ƴar mitsitsiya ta fara a gindin haƙori, tana ci a hankali. Masana suna kiran wannan gajiyar ƙarfe. Kun san ta: waya ce kake lanƙwasawa gaba da baya, gaba da baya, har ta rabu biyu a hannunka.

Idan guda ya karye, nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa. Su ma su gaji da wuri. Na biyu ya tafi, na uku ya bi. Daga nan zobe ya ɗage, hannu ya kife da mutum a ciki.

Wani zai ce, to sai in ɗaure iya ƙarfina. A'a, maigida. Zura bututu a kile, yaro biyu su hau su danna, wannan ma kashe bulon ne. Ya miƙe ya wuce iyaka, ba ya komawa. Kowane bulon da awon ɗaurinsa, a rubuce cikin littafin injin. Akwai kile mai awo, wanda ake saita wa lamba, ya yi ƙas idan ɗauri ya kai. Gareji mai taɓa irin waɗannan motoci ba shi da uzurin rashinsa.

Ga labari na gaskiya a kan zaɓen bulon da ido. Ranar 10 ga Yuni 1990, wani jirgin sama na British Airways ya tashi daga Birmingham a Ingila zai je Malaga a Sifen. Yana sama da mita 5,000 sai gilashin gaban matuƙi ya fice. Iska ta fizgi matuƙin, Tim Lancaster, rabin jikinsa ya fita waje. Ma'aikatan jirgin suka riƙe ƙafafunsa kusan minti 20, har mataimakinsa ya sauke jirgin a Southampton. Allah ya yi da sauran kwana, ba wanda ya mutu. Bincike ya nuna an canja gilashin kafin tafiyar. Cikin bulon 90 da aka ɗaura, 84 kaurinsu ya gaza da abin da bai kai milimita guda ba, sauran 6 kuma gajeru ne. Wanda ya yi aikin ƙwararre ne mai shekaru a sana'a. Da ido ya gwada sabo da tsoho, bai duba littafi ba. Ido bai isa ba, jama'a. Ko idon gwani bai isa ba.

Yanzu kashi na uku: takardar kiranye.

Mene ne kiranye? Kamfani ya ƙera kaya, ya sayar, daga baya ya gano akwai aibi mai iya halaka mutum. Sai ya kira masu kayan, ya ce ku dakata, ku kawo a gyara kyauta. Wannan shi ne kiranye. A Amurka doka ce tun 1966, kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar, NHTSA, ita ke sa ido. Kamfanin da ya tabbatar da aibi yana da kwana 5 na aiki ya sanar da hukuma, da kwana 60 ya aika wa masu kayan takarda. Motoci masu kwando suna cikin wannan doka. Manyan masu ƙera su, irin su Altec da Terex, sun sha fitar da irin wannan sanarwa, kuma bulon yana cikin dalilan da ke maimaituwa: ko an sa wanda bai dace ba, ko ba a ɗaure shi daidai awo ba a masana'anta. Ƙananan motoci ma haka. A Yunin 2022 Toyota ta yi wa sabuwar motarta mai lantarki, bZ4X, kiranye, kusan guda 2,700, saboda bulon na taya yana iya kwancewa taya ta fice.

Ni a ganina kamfanin da ya fito ya ce na yi kuskure ya fi wanda ya yi gum. Kiranye ba abin kunya ba ne. Abin tsoro shi ne takarda ta fita, mai motar bai ji ba.

Nan ne matsalarmu take. Takardar tana zuwa adireshin mai motar na ƙarshe da kamfani ya sani. Mu kuwa yawancin injunanmu na hannu ne. Mota ta yi shekara goma ko fiye a Faransa ko Beljiyam ko Amurka. Aka yi gwanjonta, dillali ya saya, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano ko Lome. Wani ya sake saye, ta iso Nijar, wani ɗan kwangila ya kawo ta jihar Tawa. Hannu huɗu, hannu biyar. Littafinta ya ɓace a hanya. Takardar gargaɗi tana can a akwatin wani kamfani a Turai wanda ya manta ya taɓa mallakar motar. Aibin kuwa ya biyo motar har gida.

Masu ƙananan motoci, ku ma wannan ya shafe ku. Kiranye mafi girma a tarihin motoci shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata, jakar nan da ke fitowa daga sitiyari lokacin haɗari. A Amurka kaɗai kusan miliyan 67 abin ya shafa, a motocin Honda da Toyota da Nissan da wasu da dama. Zafi da laima suna lalata sinadarin da ke cikinta, ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Motocin waɗannan kamfanoni suna da yawa a titunanmu.

To, tun da takarda ba ta zuwa, sai mu mu je wurinta. Ga yadda ake yi, ku saurara da kyau. Mota mai kwando lamba biyu gare ta, domin masu ƙera ta biyu ne. Wani kamfani ya ƙera motar, wani daban ya ƙera hannu da kwando. Lambar farko ita ce ta shasi, haruffa da alƙaluma 17, tana kan katin mota da jikin ƙofa. Lamba ta biyu tana kan ɗan farantin ƙarfe a gindin hannun: sunan kamfani, samfurin inji, shekarar ƙira, da lambar injin. Wannan ta biyun ita aka fi mantawa, kuma ita ce ta bulon ɗin da muke magana.

Ka goge farantin, ka ɗauki hotonsa da waya. Idan ba ka karatun boko, ga ɗanka ɗan lakwal, ga malamin makaranta, ga sakataren meri. A nemi kamfanin a intanet, a aika masa hoton da tambaya uku. Akwai kiranye a kan wannan injin? Wane bulon ne na zoben juyi, kuma nawa ne awon ɗaurinsa? Za ku aiko mana littafin injin? A kuma ba su suna da lambar wayar sabon mai shi, don gargaɗin gaba ya san inda zai sauka. Idan motar daga Amurka ta fito, NHTSA tana da shafin da ake zuba lambar shasi a ga ko akwai gyaran da ba a yi ba. Na maimaita: lamba biyu, ta shasi da ta gindin hannu. Hoto, tambaya, amsa.

Iyayenmu magadan gari da masu ba da kwangila, ku ma da naku. Ranar sayen inji ko ɗaukarsa haya, ku tambayi littafinsa da takardar bincikensa na ƙarshe. A Faransa doka ta ce injin da ke ɗaga mutum a duba shi duk wata 6. Motar da ta fito daga can tana da tarihi a rubuce. Mai sayarwa ya kawo shi. Wanda farantinsa ya ɓace, ko aka shafe lambar da fenti, ku bar shi inda kuka gan shi, komai araharsa.

Kashi na huɗu, na ƙarshe: duban safe.

Hanyoyinmu na Adar kun san su. Dutse, gargada, rairayi. Motar da ta taso daga Tawa ta yi yamma zuwa Tebaram ta sha girgiza kafin ta iso. Girgiza kuwa abokiyar gabar ɗauri ce. Don haka kafin kowa ya shiga kwando, direba da mai hawa su zagaya motar tare. Ba ya cin minti goma.

Ku ƙirga kawunan bulon a zoben juyi. Akwai rami wanda ba kowa a ciki? A tsaya. Ku dubi ƙarƙashin kowane kai. Jan gari kamar tsatsa yana fitowa, ko fenti ya tsage a kewaye? Alamar motsi ce, bulon yana wasa. Ku taɓa wasarsa, ɗan faifan nan da ke ƙarƙashin kai. Idan ya juya da yatsa, ɗauri ya tafi. Ga dabara mai sauƙi: ranar da aka ɗaure da kile mai awo, a ja layin fenti daga kan bulon zuwa jikin ƙarfe. Duk safiya a duba. Layi ya rabu, bulon ya juya. Sannan a ɗaga hannu ba kowa a kwando, a juya shi dama da hagu, a kasa kunne. Ƙwanƙwasa ko ƙara daga gindi, a sauke, a kashe.

Idan an samu guda ya karye, kada a canja shi shi kaɗai. Na kusa da shi sun ɗauki nauyin da ba nasu ba, su ma a fitar da su, a bi abin da littafi ya ce. Wanda aka cire kada ya koma. Kuma ina roƙon ƴan'uwana masu walda: kada ku ɗiga wuta a kan bulon don kada ya kwance. Na san da kyakkyawar niyya ake yi. Amma zafin walda yana warware gashin da aka yi wa ƙarfen, mai lamba 10.9 ya koma ba a san matsayinsa ba.

Direbobin manyan motoci masu ɗaukar albasar Galmi da dabbobi da buhunan hatsi, wannan karatun naku ne. Bayan canjin taya, idan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a tsaya a sake bin notin taya ɗaya bayan ɗaya. Haka ƙafafun tankin ruwa na foraj, haka ƙarafan da ke riƙe da faifan sola. A bi su kafin iskar farkon damina.

Kai kuma mai hawa, ɗan'uwana, ranka ne a kwando. Ka sa hular kwano, ka ɗaura ɗamarar tsaro, ka maƙala igiyarta a zoben da aka yi domin ta a kwandon. Ka tabbata ƙafafun tokare sun sauka a ƙasa mai tauri. Idan rairayi ne, a shimfiɗa katako mai kauri. Idan ka ga alama guda cikin waɗanda muka lissafa, ka gaya wa maigidanka cikin ladabi: ranka ya daɗe, a duba wannan tukuna. Maigida, kai ma ka saurare shi. Aikin yini guda ne zai jinkirta. Na san abin da akan faɗa idan abu ya faru, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara. Amma wanda ya ga jan gari a gindin bulon ya kau da kai, akwai tambaya a kansa.

Iyaye mata, saura ku. Ranar da irin wannan mota ta shigo gari, yara za su yi dafifi, abin kallo ne. Ku janye su. Iyakar tsawon hannun, iyakar inda zai iya faɗowa ke nan, ta kowane gefe. Idan hannun mita 15 ne, kowa ya ja baya fiye da mita 15, har sai an naɗe shi an ɗaure a mazauninsa.

Nan za mu dakata. Allah ya kiyaye masu hawa da masu tafiya. A huta lafiya.